Kafin A Canza Kaya, A Fara Gano Ciwon Motar

Yau za mu ɗan jingine zancen jigo da salo, mu leƙa gareji. Wanda ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe zai ga cewa ba mu yi nisa da gida ba.

Watannin baya mu huɗu muka tashi daga Kano za mu Zariya wani zama na marubuta, a cikin Corolla ƙirar 2004 ta ɗaya daga cikinmu. Muddin ana gudu motar lafiya lau take. Amma da an ɗaga ƙafa daga totur, a shingen jami'an tsaro ko a wurin da titi ya farfashe, sai ta yi kakari, ta girgiza, ta mutu. Tsakanin Kura da Kwanar Dangora sau uku ta yi mana haka. A na ukun tirela ce a bayanmu, sitiyari ya yi nauyi a hannun direba, da ƙyar ya ja mu gefen titi. Babu wanda ya ƙara yin hirar littafi a motar nan sai salati.

A nan ne mai motar ya ba mu labarin abin da ya sha a cikin wata guda. An canza fulogi sau biyu. An canza famfon mai. Daga baya aka ce ya kai ta a saka mata kwamfuta, na'ura ta nuna lamba P0171, yaron da ke riƙe da na'urar ya ce sensar oksijin ce ta mutu. Aka sayo wata a Ƙofar Ruwa, aka ɗaura, aka goge lambar, fitilar cek injin ta ɗauke. Kwana biyu ta dawo, mota kuma ta ci gaba da halinta.

Da muka isa Zariya aka haɗa mu da wani dattijon bakanike. Bai taɓa bonet ba sai da ya kwashe kusan minti goma yana tambaya: "Malam, da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗau zafi? A guje take mutuwa ko a tsaye? In ta mutu tana tashi nan take?" Sannan ya ce a tayar da ita a bar ta a silo. Ya sunkuya ya kasa kunne, ya bi wani siririn tiyon roba da hannu har bayan injin, ya danne wani wuri da yatsa. Nan take ƙarar injin ta daidaita. Tiyon ne ya tsage don tsufa da zafi, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Ya sa yaronsa ya jona na'ura, ya nuna mana yadda adadin man da motar ke ƙarawa yake sauka duk lokacin da ya toshe tsagar. Abin da aka kashe a gyaran bai kai kuɗin abincin da muka ci mu huɗu a ranar ba.

Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne: babbar asarar da masu tsofaffin motoci ke yi a ƙasar nan tana zuwa ne daga gyara kafin bincike. Muna canza kaya ɗaya bayan ɗaya da fatan a dace, kamar mai lalube a duhu. Na'urar da ta zo don ta rage wannan laluben kuma mun mayar da ita boka, duk abin da ta ambata sai a cire a jefar. Kanikawa suna da nasu kason laifin, masu mota suna da nasu, mu masu alƙalami ma akwai namu.

Injin fetur abu uku yake buƙata kafin ya ci gaba da juyawa: mai, iska, da tartsatsin wuta daga fulogi, kuma kowanne ya zo a lokacinsa da gwargwadonsa. Gwargwadon da ake nema shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. A tsohuwar Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, kafireta ce ke wannan haɗin, bakanike ya daidaita ta da sukudireba da kunnensa. A motar nozul kuwa ƙwaƙwalwar mota ce ke lissafin, wadda ake kira birenbos a gareji. Tana karɓar rahoto daga sensoshi: wannan ya gaya mata yawan iskar da ta shiga, wancan zafin ruwan injin, wani matsayin karanshaf, wani kuma ragowar oksijin a hayaƙin salansa. Duk motar da ta mutu a hanya, ɗaya daga cikin abubuwan nan uku ne ya yanke ko ya gurɓace, ko kuma an kai wa ƙwaƙwalwar rahoton ƙarya. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne.

Lambobin matsala an ƙirƙire su ne tun asali don sa ido kan hayaƙin da mota ke fitarwa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara matsa wa kamfanoni lamba a ƙarshen shekarun 1980. Daga ƙirar 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai ta zo da tsarin da ake kira OBD-II, da soket iri ɗaya mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, na dizal kuma suka biyo baya. Tunda galibin motocinmu 'yan Kwatano ne da suka yi rayuwarsu ta farko a can, mun gaji wannan soket ɗin ba tare da mun gaji ilimin karanta shi ba.

Karanta lambar ba wuya. Harafin farko yana nuna sashe: P na injin da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin na'urorin motar. Idan 0 ya biyo baya, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, ta kamfanin ce, sai an duba ta wannan ƙirar. Lamba ta gaba tana ƙara matso da kai: 1 da 2 na mai da iska ne, 3 na wuta da tsallen injin, 4 na tace hayaƙi, 5 na silo da gudu, 7 na giya. P0300 na nufin injin yana tsallake ƙonewa a silinda daban-daban, P0302 kuma a silinda ta biyu kaɗai. P0335 na da'irar sensar karanshaf ne, P0340 na kamshaf, P0505 na tsarin silo.

Ga inda ake yin kuskuren da ya ci kuɗin abokinmu. P0171 cewa take yi iska ta yi wa mai yawa a haɗin. Sensar oksijin ita ce ta kawo rahoton, kuma gaskiya ta faɗa. Cire ta a jefar daidai yake da a kori ɗan aike don ya kawo labarin gobara. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Abubuwan da ke iya jawo wannan lamba suna da yawa: tiyo ya tsage, gasket ɗin bututun iska ya saki, sensar auna iska ta yi ƙura, filtar mai ta toshe, famfon mai ya yi rauni, nozul ya cushe. Lambar ta nuna unguwar da ɓarawo yake, sauran aikin na shiga gida-gida ne. Akwai ma hanyar rarrabewa a cikin na'urar kanta, ga wanda ya wuce shafin farko. Tana nuna kason man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa, wanda a lafiyayyar mota ba ya cika wuce 10 cikin 100 ta kowane ɓangare. Idan ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da an taka totur, a nemi inda iska ke satar hanya. Idan sai an taka totur yake hawa, a duba ɓangaren mai ko sensar auna iska. Haka nan na'urar tana ajiye hoton lokacin da matsalar ta faru: gudun mota, zafin injin, juyin injin. Wanda ya yi gaggawar goge lamba ya goge wannan shaidar tare da ita.

Ko lambar da ta ambaci sensa da sunanta, da'irar take nufi gaba ɗaya. P0335 na iya zama sensar ce ta mutu, na iya zama waya ce ta goge a jikin ƙarfe, ko soket ya yi tsatsa, ko ɓera ya yi aikinsa da dare. Mitar auna wuta ce ke raba gardama, kuma da ita ya kamata a fara. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take, idan tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni ko kan batir da ya kwance yana iya sa ƙwaƙwalwa ta zubo lambobi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, mai mota ya tsorata a banza.

Wani abin da ba a cika faɗa wa masu mota ba shi ne, mota tana iya mutuwa sau goma na'ura ta ce babu lamba ko ɗaya. A tsofaffin motoci da yawa babu sensar da ke auna ƙarfin turin mai, saboda haka famfon da ke gab da mutuwa yana iya yin shiru da bakinsa. Makullin mota da ya cinye, rile da dalmarsa ta tsage, wayar at da ta saki, duk suna iya kashe injin ba su bar sawu ba. Motocin Honda na shekarun 1990 sun yi suna da wannan matsalar ta babban rile, musamman idan mota ta sha rana. A nan tsohuwar hanya ce ke aiki. A murɗa makulli ba tare da an yi kik ba, a saurari gurnanin famfo na kusan daƙiƙa biyu daga wajen tanki. A ɗaura agogon auna turin mai. A duba ko wuta na zuwa fulogi. Motocin da suka girmi 1996 ma ba a bar su a baya ba. A tsofaffin Toyota ana haɗa ƙafafu biyu masu suna TE1 da E1 a ƙaramin akwatin bincike, fitilar cek injin ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga ƙiftawar a san lambar.

Yanzu mu juyo kan masu mota. Yawancinmu idan muka je gareji abin da muke cewa bai wuce "Oga, motar nan tana mutuwa" ba. Wannan kamar ka je asibiti ne ka ce wa likita ba ka da lafiya, ka kama bakinka. Alhali yanayin mutuwar shi ne rabin amsar. Motar da ke mutuwa a silo kawai, a danja ko idan an kunna esi, tana nuna dattin maƙogwaron totur, ko bawul ɗin silo, ko iskar da ke satar hanya. Wadda ke ɗaukewa farat ɗaya a guje bayan ta ɗau zafi, kamar an murɗe makulli, ta ƙi tashi sai ta huce, tana jan hankali zuwa sensar karanshaf ko kwayil ko rile. Idan ana kik allurar agogon juyin injin ba ta ko motsi, zargin sensar ya ƙara ƙarfi. Wadda ke fara shaƙewa tana ja da baya a hawa ko da kaya kafin ta mutu, yunwar mai ce ke damun ta. Wadda ta fara bayan ruwan sama ko wankin injin, a duba wayoyi da kwayil. Wadda ta fara bayan an sha mai a wurin 'yan bumburutu, a fara zargin man. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan, motoci suka riƙa tsayawa.

Akwai kuma cututtukan da mu da kanmu muke saka wa motocin. Da mota ta sauka daga Kwatano sai a ce a cire tamostat, wai ƙasarmu akwai zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa zurarewa, P0128 ta bayyana. A fasa salansa a cire abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi a sayar, P0420 ta zauna daram, fitila ta kasance a kunne kullum, har ranar da babbar matsala za ta zo ba a gane ba. Ƙurar hunturu ta cika filtar iska, a kaɗe ta a jikin taya a mayar. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, da yawanmu lita uku ko biyar muke iya saya, allura kullum tana kan ja. Ba mu ga laifin kowa ba, halin da ake ciki ne. Amma a sani, famfon motar nozul a cikin tanki yake zaune, fetur ne ke sanyaya shi, tankin da kullum yake a ƙasa yana rage masa kwana. Mafi muni shi ne dillalin da zai cire ƙwan fitilar cek injin kafin ya sayar da mota. Gwajin wannan kyauta ne: murɗa makulli, fitilar dole ta kama kafin a tayar, ta ɗauke bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, a yi tambaya.

Mun san za a ce mana tsofaffin kanikawa sun yi shekara talatin suna gyara da kunne, me na'ura za ta koya musu? Muna girmama wannan kunnen, shi ne ya cece mu a Zariya. Sai dai dattijon nan bai raina na'urar ba, da ita ya tabbatar da abin da kunnensa ya ji. Kunne ba ya jin sensar da ke yanke rahoto na rabin daƙiƙa, na'ura kuma ba ta jin warin fetur ko shewar iska. Wanda ya haɗa biyun shi ne gwani. Za a kuma ce talaka ba shi da kuɗin bincike. Mu a ganinmu talaka shi ne ma wanda ba shi da kuɗin canza famfon da lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce mun saba biyan kuɗin kaya da na ɗauri, amma muna jin nauyin biyan kuɗin tunani. Bakaniken da ya ɓata awa guda ya gano tiyo, in aka ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, an koya masa cewa gobe ya ce famfo ne. Idan muna son gaskiya daga gareji, sai mu yarda mu biya ladan gano ciwo ko da ba a canza ko kusa ɗaya ba.

Maganar ta wuce ta aljihu. Idan injin ya mutu a guje, sitiyari yana nauyi amma yana juyawa, birki kuma yana da ragowar ƙarfi na taku ɗaya ko biyu kafin ya yi tauri. Kada a riƙa famfa birki, a taka a riƙe. A kunna fitilun haɗari, a sa giya a furi, a nemi gefe, kuma kada a murɗa makulli har ƙarshe don sitiyari na iya kullewa. Idan fitilar cek injin ƙiftawa take yi ana cikin tafiya, injin na tsalle mai tsanani ne, a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Motar da ta saba mutuwa bai kamata a hau babban titi da ita da iyali ba sai an san dalili.

To ina namu laifin, mu marubuta? Duk abin da muka zayyano a sama yana nan a rubuce da Turanci, yana nan kuma a bakin kanikawa da Hausa, amma tsakanin biyun babu gada. Yaran da ke koyon aiki a garejojin Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi suna da waya a hannu, suna karanta Hausa, amma in suka ga P0340 sai dai su tambayi wanda shi ma ji ya yi. Harshen gareji kuwa a shirye yake. Wanda ya samar da lagireto da salansa da totur da kafireta ba zai gaza a kan sensa ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna a kan benci ya saurara, ya tantance, ya rubuta daidai. Wasunmu sun yi difloma a fannin injiniya ko lantarki, amma da sun ɗauki alƙalami sai su ajiye wannan ilimin a ƙofa, kamar ba shi da gurbi a adabi.

Ko a ƙagaggun labaranmu abin yana nunawa. Sau nawa muka karanta cewa motar jarumi "ta lalace" a daji, shi ke nan, don kawai a samu hanyar haɗa shi da jaruma? Wane irin lalacewa? Ta shaƙe ne ko ta ɗauke? Me ya ji, me ya shaƙa, me ya fara taɓawa? Mai karatun da direba ne ko bakanike yana gane marubucin da bai taɓa buɗe bonet ba daga jimla ɗaya, kuma daga nan ya daina yarda da sauran labarin. Tambayoyin da dattijon Zariya ya yi kafin ya taɓa mota su ne irin waɗanda ya kamata mu yi kafin mu taɓa takarda.

Saboda haka ga aikin wannan makon ga mai sha'awa. A je garejin da ke kusa, a gaida mai wurin, a nemi izini a zauna awa ɗaya. A rubuto mana kalmomi goma na sana'ar yadda ake furta su a garinku, da ma'anar kowacce. Sannan a rubuta sakin layi ɗaya da ke bayyana mutuwar mota a hanya, ta yadda bakanike zai karanta ya ce ya san inda zai fara dubawa. Kanikawa da masu wayarin da ke cikin wannan zaure, ku ne malamanmu a wannan karon, inda muka yi kuskure a gyara mana. Masu tsofaffin motoci kuma, kafin a sayi kaya na gaba, a tambayi mai gyara da ladabi: "Oga, me ka gwada da ya nuna wannan ne?"

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun ji daga gare ku.